Ƙafa Talatin da Shida a Bakin Maƙabarta

Duk shekara ana turo mini matasa daga makaranta su yi 'yan watanni a ɗan ofishina na awon filaye da ke Ƙofar Marusa, kuma duk shekara magana ɗaya nake ji tun a satin farko. Wani zai ɗaga waya ya ce ai yanzu aikin safiyo ya zama wasa, ka tsaya a kan wuri, ka danna, lamba ta fito. Ba na musu da kowa. Nakan tambaye shi kaurin katangar gidansu inci nawa ne, sannan in tambaye shi wayar tasa takan kuskure da ƙafa nawa. In ya san amsar duka biyun, da kansa yake mai da ita aljihu. To tunda yau ruwa ya hana mu fita, ku gyara zama in gaya muku yadda aikin yake.

Ni Rabe da jan sarƙa na fara, a hannun Mista Bulus, wani mutumin Filato da ya daɗe a Katsina har bakinsa ya fi na wasu 'yan gari nuna. Sarƙar ta ƙarfe ce, ƙafa ɗari, kuma in rana ta take ba ta taɓuwa sai da tsumma. Shekara biyu ban taɓa kamfas ba. Nawa shi ne in ja, in miƙe, in kafa fegi, in riƙe sanda mai ja da fari a tsaye cak har ya ɗaga mini hannu daga nesa. In sandar ta karkata ko da kaurin yatsa ne, ba ya faɗa. Sai ya naɗe hannu ya tsaya, ni ma in tsaya a rana, har in gane da kaina.

Aikin da ya fara buɗe mini ido a wani lungu ne bayan kasuwa. An ce mu auna tsakanin turke biyu, wato guntayen simintin nan masu lamba da ake binnewa a kusurwar fili, amma abin da ke tsakaninsu gidan wani mahauci ne, da iyalinsa a ciki. Na ce sai mu nemi izini mu ratsa da sarƙa. Mista Bulus ya ce ko an ba mu izinin, katanga uku za mu huda? Ya tsuguna ya yi zane a ƙasa da bakin fegi. Ya ce duk layin da ya tafi a karkace tafiya biyu ce a haɗe, ka yi arewa kaza, ka juya ka yi gabas kaza. Tafiyar nan biyu da karkataccen layin su ne suka yi alwatika, inda ka juya kuwa kusurwa ce mai digiri casa'in, wadda magina ke ce wa sukwaya. Muka bi lungu arewa da kamfas, ƙafa hamsin. Muka juya gabas, ƙafa ɗari da ashirin, muka faɗa kan turke na biyu. Ya sa na ninka hamsin sau hamsin, na ninka ɗari da ashirin sau ɗari da ashirin, na haɗa su, na nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan jimlar. Ta fito ɗari da talatin. Ya ce to ka ratsa gidan mahauci ke nan, bai gan ka ba, ba ka ga matarsa ba.

Haka kuma abin yake in an juya shi. In takarda ta ba ka tsawon layi da digirin da ya karkata daga arewa, littafin jadawali zai raba maka shi gida biyu, rabon arewa da rabon gabas, ka kewaye duk abin da ya tare maka hanya. Lissafin ke nan gaba ɗaya, kuma kowannenku ya yi shi a aji. Wahalar ba a nan take ba.

Wahalar mutane ce. Ba wanda ke ɗauko safiyo don yana son sanin gaskiya, kowa ya riga ya san amsar da yake so, kai dai ka sa mata hannu. Na auna gonar gado inda muka tafi sallar azahar muka dawo muka tarar fegi ya yi tafiyar taku biyu, kuma 'yan'uwa bakwai suna rantsuwa ba wanda ya motsa daga inuwa. Na auna filin wata Madam Rifkatu, nas ce daga kudancin Kaduna da ta yi ritaya a nan, wadda ta ce ba ta yarda kowa ya riƙe bakin tef ɗin awo ba sai ita, ta bi mu cikin ƙaya da takalmin roba tun safe har yamma. Irinta sun fi mini daɗi, don wanda ya riƙe tef da hannunsa ba ya dawowa gobe ya ce an cuce shi.

Shekarar da ta fi kowace muni a wurina da aiki ɗaya ta fara, a tsakiyar damina, a hanyar Batagarawa. Lokacin na daɗe da barin aikin gwamnati na buɗe nawa, kuma na'urar tauraron ɗan'adam ba ta kai hannun ire-irenmu ba tukuna. Wani attajirin hatsi, Alhaji Mannir, ya sayi gona a bakin titi zai gina gidan mai. Kudu da gonar akwai maƙabartar wani ƙauye da gari ya riga ya haɗiye. Ba ta da katanga, shingen aguwar da ke kewaye da ita ma ya daɗe da mutuwa. Leburorin Alhaji suka haƙa ramin harsashin gini, mutanen unguwa suka fito suka ce ramin a cikin filin maƙabarta yake, wajen da aka bari don waɗanda ba su mutu ba tukuna. Suka tare katafilar da ya kawo, suka ce ba ta gaba ba ta baya. Kwana biyu ana haka. Daga nan mai unguwa ya ce a nemo tsohuwar taswirar da hukuma ta zana lokacin da aka keɓe maƙabartar, a kawo safiyo ya nuna iyaka a gaban kowa. Alhaji Mannir ne ya ɗauke ni, mutanen unguwa suka yarda don mai unguwa ya san ni.

Taswirar da aka miƙo mini gara ta cinye gefenta ɗaya. Abin da ya rage da zan iya aiki da shi layi guda ne. Akwai wani turke da ke nan daram a gindin dutse, yamma da wurin. Daga shi zuwa kusurwar maƙabarta ta wajen gonar Alhaji, taswira ta ce digiri sittin daga arewa zuwa gabas, ƙafa ɗari shida. Turken kusurwar kuwa ba wanda ya san inda yake, rairayin da ruwa ke kwasowa ya binne shi shekaru da yawa. In na gano wurinsa, an gama magana. Sai dai tsakanin turken dutse da kusurwar yanzu akwai kududdufi, wanda masu yin tubali suka haƙa bayan an zana taswirar, ga shi cike maƙil da ruwa. Tef ba ya ƙetare shi.

Da muka isa da safe, ni da Lawal, wanda ya shekara ashirin yana ja mini tef har gemunsa ya fara fari, mun tarar da mutanen da ban zata ba. Gefe ɗaya leburorin Alhaji ne da diga da shebur. Gefe ɗaya mutanen unguwa, dattawa a gaba, samari a baya, wasu da gora a hannu. 'Yan sanda biyu suna jingine da mota can nesa, kuma daga tsayuwarsu ka san ba su da niyyar matsowa. Gaisuwar ma da aka yi guntuwa ce, abin da ba a saba ba in dattawa sun haɗu.

Na yi wa mai unguwa bayani da ƙarfi yadda kowa zai ji. Na ce ba za mu shiga ruwa ba, za mu kewaye shi. Layin ƙafa ɗari shida a digiri sittin daidai yake da ka yi arewa ƙafa ɗari uku, ka juya gabas ka yi ƙafa ɗari biyar da sha tara da inci bakwai. Arewar za ta bi bakin kududdufi ta yamma, gabas ɗin ta bi arewacinsa, duk a kan tudu. Kafin in fara na gwada kamfas ɗina a kan wani tsohon layi a wani wuri dabam, wanda turakunsa biyu suna nan daram, don arewar kamfas takan gusa a hankali da shekaru, na gyara bambancin. Daga turken dutse na hango arewa, Lawal ya tafi da sanda, muka ja tef uku cif, kowanne ƙafa ɗari, muka kafa sanda a wurin juyawa.

A nan na yi kuskurena. Wurin juyawar ya faɗo kusa da inda aka tare katafila, bai fi taku goma ba, kuma a nan ne taron ya fi cunkushewa. Ana ta magana a kaina, wannan ya ce an ja tef da yawa, wancan ya ce an sassauta. Na kafa kamfas a kan ƙafafunsa, na jira allura ta tsaya, na hango digiri casa'in, na daidaita Lawal da hannu. Muka ja tef biyar da ɗoriya, jama'a na bin mu a baya kamar ana rakiyar gawa. Muka ƙetare ramin harsashin Alhaji, muka wuce shi, muka ci gaba, har tef ya ƙare a wani wuri mai ciyawa, shimfiɗaɗɗe, ba alamar komai. Lawal ya buga fegi. Ni kuma na ɗago kai na ce wa mai unguwa nan ne kusurwar maƙabarta.

Ƙa'idar aiki ita ce ba ka buɗe baki sai ka waiwaya, wato ka kafa kamfas a inda ka ƙare ka hango inda ka fito, ka ga ko awon gaba da na baya sun yarda da juna. Na san wannan tun ina jan sarƙa. Ranar dai so nake a gama a watse kafin wani ya ɗaga gora, sai na yi magana kafin in waiwaya.

In fegin nan gaskiya ne, ramin Alhaji duk a cikin gonarsa yake, har da rara. Leburorinsa suka fara murna. Shi kuma ya ce a kawo diga a haƙa a fito da turken kowa ya gani, a daina ɓata masa lokaci. Wani lebura ya taho da diga a kafaɗa.

Sai wani tsoho ya ratso mutane. Malam Iro ne, mai haƙa kaburburan unguwar, ya haura shekara saba'in, siriri, hannuwansa duk kanta. Bai kalli kowa ba. Ya cire takalmansa, ya zauna a ƙasa dab da fegin, ya ɗora tafin hannunsa a kan ciyawa.

"Wurin ga ni na gina shi da hannuna," in ji shi. "Yayana shina nan ƙasa. Wanda zai sa diga, sai ya fara da ni."

Samarin unguwa suka fara matsowa. Leburorin su ma suka haɗu wuri guda. Wani ya yi jifa daga baya, dutsen ya sami ƙofar motar Alhaji. Mai unguwa yana ɗaga hannu yana kiran sunayen samarin ɗaya bayan ɗaya, amma muryarsa ba ta zuwa ko'ina. Alhaji Mannir ya juyo wurina ya ce, "Malam Rabe, kai ka faɗa da bakinka. Ba ni na faɗa ba."

Na roƙi mai unguwa ya ba ni minti goma, na ce akwai awon da ban ƙarasa ba. Na durƙusa na gai da Malam Iro, na nemi izininsa in kafa kamfas a gefensa ba tare da na soka ƙarfe a ƙasa ba. Ya gyaɗa kai. Lawal ya koma da gudu ya riƙe sandar wurin juyawa. Tunda na zo a digiri casa'in, in na waiwaya dole in ga ɗari biyu da saba'in. Na sa ido, na ga ɗari biyu da saba'in da huɗu. Na girgiza kamfas na bar allura ta sake tsayawa, haka. Na cire agogo da makullai da biro na ajiye can gefe, na sake dubawa, haka dai. Sai na ɗaga kai daga kamfas na kalli Lawal da idona, na ga katafila a bayansa, ƙatuwa, ƙarfe tun daga sama har ƙasa. Allurar kamfas ƙarfe take bi. Lokacin da na tsaya a can ina hango gabas, katafilar ta ja ta da digiri huɗu, ni kuwa na bi ta.

Alhaji Mannir ba yaro ba ne, ya karanta fuskata. Ya kama hannuna ya ja ni gefe, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce shi ya ɗauko ni, na riga na ba da amsa a gaban shaidu, digiri huɗu kuma mene ne a cikin ɗari uku da sittin. Ya ce ba sai an haƙa ba ma, ya haƙura da ganin turken, in dai sa hannu kawai. Ya tuna mini cewa yana da filaye a wurare da yawa da ke jiran awo. Na ce masa digiri huɗu a tsawon da muka ja ƙafa talatin da shida ne, kuma a cikin ƙafa talatin da shidan nan ramin nasa yake. Ya saki hannuna.

Na je gaban mai unguwa na ce na yi kuskure, fegin nan ba daidai yake ba, na faɗi dalili. Kada ku zaci an yaba mini. Leburorin suka ce tsoron gora ne ya sa na juya. Samarin unguwa suka ce da tsoho bai zauna ba da na sayar da kabari. Kafin nan gefe ɗaya ne ba su yarda da ni ba, yanzu sun zama biyu. Na nemi a matsar da katafila in sake awo. Alhaji ya ce ai mutanen unguwa ne suka ce kada ta motsa, kuma direban ya tafi da makulli.

To sai na ajiye kamfas gaba ɗaya. Layin arewa daga turken dutse na hango shi, inda babu ƙarfe, na kuma koma na sake tabbatar da shi, yana nan lafiya. Abin da nake nema kawai shi ne sukwaya a wurin juyawa, wannan kuwa tef kaɗai ya isa. Na kira babban maginin Alhaji, wani Malam Sani, na tambaye shi a gaban kowa yadda yake fitar da kusurwar ɗaki. Ya ce uku, huɗu, biyar, kamar kowane magini. Na ce to yau sittin, tamanin, ɗari za mu yi, don kuskure ya ragu, kuma shi zai riƙe. Ya kalli maigidansa, maigidansa ya kau da kai, ya zo ya riƙe.

Muka koma baya a kan layin arewa ƙafa sittin, muka buga fegi. Daga wurin juyawa muka miƙa tef ɗaya ƙafa tamanin, daga sabon fegin muka miƙa wani ƙafa ɗari. Malam Sani ya kama bakunan biyu, ya ja har suka miƙe suka haɗu a hannunsa, ya dangwala ƙasa. Na sa wani dattijo daga mutanen unguwa ya duba lambobin da idonsa. Wannan wurin da wurin juyawa su ne suka ba mu gabas ta gaskiya. Muka jera sanduna muna hangen ɗaya ta bayan ɗaya, muka sake jan ƙafa ɗari biyar da sha tara da inci bakwai. Fegin ya faɗo arewa da ramin harsashi, a wurin da leburori suka tara yashi. Daga shi zuwa inda Malam Iro ke zaune muka auna, ƙafa talatin da shida.

Alhaji Mannir ya ce tunda safiyo ɗaya ya ba da amsa biyu a rana ɗaya, shi ba ya karɓar ko ɗaya sai ya ga turke. Gaskiyarsa ce. Lawal ya karɓi shebur ya kwashe yashin, ya fara haƙa. Ƙafa ɗaya, rairayi. Ƙafa biyu, rairayi. Ya faɗaɗa ramin, ya kai ƙafa uku, ba komai. Aka kira la'asar daga masallacin unguwa, ba wanda ya tafi. Leburorin suka fara dariya, wani ya ce ko a koma wajen tsoho. Na ga samarin sun sake gyara riƙon gora. Ni kuma ina tsaye a bakin rami ina sake lissafin a zuci, sittin, ɗari shida, rabi, ina neman inda zan iya sake yin kuskure. In tsohon turken wani manomi ya tumɓuke shi shekaru ashirin da suka wuce, ko da awona daidai ne ba abin da zan nuna.

Malam Iro ya tashi daga inda yake, ya sa takalmansa, ya zo ya leƙa. Ya ɗebi ƙasar ya murza, ya ce wannan duk baƙuwa ce, ruwa ya kawo ta, ƙasar asali ja ce kuma tana ƙasa. Ya ce wa Lawal ya fito. Aka ɗauko wa tsohon digarsa, wadda ƙotarta ta yi santsi don tsufa, ya shiga, ya dinga sara a hankali, ba gaggawa, kamar yadda ya saba. Da rami ya kai masa ƙugu, jar ƙasa ta bayyana. Ya daina zurfafawa ya fara cin gefe. Ya ci yamma, babu. Ya juya gabas, sara na uku diga ta yi ƙara. Ya ajiye ta, ya share da hannu. Siminti ne, mai kusurwa huɗu, da lamba a kansa. Mai unguwa ya sa tabarau, ya durƙusa ya karanta lambar, ya karanta ta taswira, ya miƙa wa Malam Sani shi ma ya karanta. Ɗaya ce.

Ba a yi sowa ba. Dattawa suka juya suka nufi masallaci, samarin suka bi su a hankali. Alhaji Mannir ya shiga motarsa ya tafi.

Sati biyu bayan nan takarda ta zo mini daga ofishin da ke kula da aikinmu. An rubuta ƙara cewa mutanen unguwa sun saye ni, hujja kuwa ita ce na faɗi iyaka a gaban jama'a sannan na canza. Aka ce kada in sake sa hannu a kan kowace taswira sai an gama bincike. Binciken ya ɗauki daga wannan damina har wata. Masu kawo mini aiki suka ɗauke ƙafa, masu filaye da yawa don sun ji ba na lanƙwasuwa, ƙananan kuma don sun ji na kusa sa diga a kabari. Duka biyun gaskiya suka ji. Lawal ya koma kabu-kabu da furfurarsa. Ni na dinga bin magina ina fitar musu da layin harsashi, aikin da na bari tun ina saurayi, kuma wanda ya fara kirana Malam Sani ne, a ɓoye, ba da sanin maigidansa ba.

Daga ƙarshe aka turo mutum uku da sabuwar na'ura, aka kira ni in tsaya ina kallo. Suka auna daga turken dutse zuwa turken kusurwa, suka duba lissafina layi-layi. Bambancinmu bai kai tsawon hannu ba. Aka mayar mini da izinin sa hannu, tare da gargaɗi a rubuce saboda na bayyana sakamako kafin in tabbatar da shi. Ban ɗaukaka ƙara ba. Takardar tana cikin durowar nan, duk mai son gani ya gani.

Ranar da masu binciken suka zo, bayan sun tafi, na tsaya na duba wurin. An cike ramin harsashi, gidan man ya ja baya zuwa arewa, mutanen unguwa sun fara katanga da tubalin ƙasa daga kan turken. A cikin filin da aka yi rigima a kansa har an fara jera sababbin kaburbura. Malam Iro yana can yana cire ciyawa. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo wannan karon, ya tambayi iyali da aiki, na ce da godiya. Bai tayar da maganar fegin farko ba, ni ma ban tayar ba. Ya ja ni zuwa kusurwa ya nuna mini wani wuri da ya kewaye da duwatsu, dab da turken, ya ce ya gaya wa 'ya'yansa nan za su sa shi. Na tambaye shi me ya sa ba kusa da yayansa ba.

"Shi ya samu masu tsaronsa," in ji shi. "Iyakar ce ba ta da kowa."

Damina biyu bayan nan aka aiko mini cewa ya rasu. Na je jana'iza. Da aka gama aka watse, na tsaya a kan turken na taka zuwa kabarinsa. Taku huɗu ne, kudu sak.